Gaskit ɗin Landirobar Malam Inuwa

Ranar Talata ta shigo da rarrafe,
tsohuwar Landirobar Malam Inuwa, malamin dabbobi,
wadda ta san hanyar Falgore tun ba a zuba kwalta ba.
Ta tsaya a garejinmu na Ƙofar Ruwa tana huci,
farin hayaƙi na bin salansa
kamar an watsa wa garwashi ruwa.

Oga Sallau ko sifana bai ɗauka ba.
Ya zaro sandar awon mai, ya murza a yatsa,
baƙin mai ya koma shayi da madara.
Da ta huce ya buɗe lagireto, ya sa aka tayar,
kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya.
Ya ce, "Gaskit ya ƙone, ruwa ya shiga gidan mai.
Namadi, naka ne. Hannuna ya fara rawa."

Shekara shida ina miƙa masa lamba goma sha uku,
yau shi ke zaune kan tsohuwar taya
yana ɓare gyaɗa, yana kallona ta wutsiyar ido.

Na tsiyaye ruwa, na tsiyaye mai,
na huda kwalin taliya na jera sandunan inji,
kowanne da raminsa, don kada gobe
na farko ya kwana a ɗakin na takwas.
Noti ɗaya ya ƙi, tsatsa ta aure shi.
Na ba shi kananzir, na je na yi azahar,
na dawo ya sauko da kansa.

Ni da Barau muka ɗaga kan injin da gora,
nauyinsa kamar buhun gero da ya sha ruwa.
Ga ɓarnar nan tsakanin fistan na biyu da na uku,
wata 'yar ƙuna, faɗin farcen ɗan yatsa.
Wannan ce ta durƙusar da motar
da ta ƙetare rafi da damina ba ta ce uffan ba.

Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, na ɗaga wa rana.
Haske ya ratsa ta ƙasa, siriri kamar zare.
Ya lanƙwashe ke nan. Sai wurin masu injin gogewa.

A kasuwa gaskit iri biyu ne,
mai araha da wanda ake sayensa sau ɗaya.
Malam Inuwa ya ƙirga kuɗin fansho sau biyu,
ya mayar da hularsa ƙeya, ya ce a ba shi na biyun.

Da reza na kankare fuskar inji,
da fetur na wanke, har na ga haƙorana a ciki.
Na shimfiɗa sabon, na sauke kan a hankali.
Sai a nan Oga ya buɗe baki:
"Daga tsakiya ake fara ɗauri, a yi waje,
hagu, dama, zagaye uku.
Wanda ya ɗaure gefe da farko, shi zai sake kwancewa."

La'asar sakaliya ranar Alhamis na murza makulli.
Ta yi tari, ta yi shiru. Na sake.
Ta kama, tana gunji daidai wa daida.
Malam Inuwa ya tara tafinsa a bakin salansa,
ya shinshina, ya duba: a bushe.

Na ce, "Baba, ina za a da ita?"
Ya ce Rano kawai, wurin wani Arɗo
da ya yi wa shanunsa allura shekarar bushiya,
su biyu suka rage masu tuna shekarar.

Oga ya ce ya dawo bayan mako biyu a ƙara ɗauri.
Ni bai ce mini komai ba.
Ina wanke hannu da yashi da sabulu
ya turo mini sauran gyaɗar da ƙafa, cikin ledarta.