Ƙasa a Takarda Mai Ninki Uku

An kawo wuta ƙarfe biyun dare,
na tashi injin, Fagge tana barci.
Aikin Hajiya Ummulkhairi ne, mai kamfanin tafiye-tafiye:
kwafi dubu biyu, takarda mai sheƙi,
ta ce kafin azahar, ko ta kai Sabon Gari.

Tanzaniya ce a ciki.
An kasa ƙasa huɗu kamar naman suna:
mutane, arziki, yanayi, namun dawa.
Mutane sun sami layi uku.
Zaki shi kaɗai ya cinye shafi.

"Masu fara'a ne, masu son baƙo."
Shi ke nan, an gama da su,
har da mai ciwon haƙori,
har da wanda mai gida ya ba shi wata guda ya tashi,
har da wadda ta kwana tana lissafin kuɗin makaranta.
Duk an sa su murmushi, an ɗiga aya.

Jan tawada ya yi yawa,
giwar ta fito kamar ta kwana da lalle.
Sagiru ya ce mu wuce da ita haka,
wa ya taɓa ganin giwa da zai ƙaryata mu?
Na ce kakana ya gani.

Ɗanjummai maharbi, a dajin Falgore.
Yakan ce ba a fara ganinta, jin ta ake yi:
reshe ya karye,
tsuntsaye su haɗiye kukansu,
sannan wari ya iso.
Ya rasu ya bar mana ƙahon gwanki ɗaya,
yau a cikinsa Inna take ajiye allura.
Ni tawa giwar tana Gidan Zoo,
bayan shinge, yara na miƙa mata rake.

Arziki, in ji takarda: zinariya, gahawa, kashu, kanumfari.
Nan na sassauta hannu.
Kanumfari dai, na Kasuwar Kurmi,
wanda ake ƙulla wa Inna a leda
ta jefa a zoɓo?
Ashe ƙasar ta daɗe tana shiga gidanmu,
babu biza, babu sallama,
muna ta kurɓa ba mu tambayi sunanta ba.

Wai a wasu sassan damina biyu suke yi.
Mu guda ɗaya muke roƙo,
in ta zo kuma ta cika kwata, ta leƙo shago,
mu ɗora takardu a kan benci muna kwarfa.
"Ku zo da rani," in ji shafi na uku,
"lokacin da dabbobi ke cunkoso a mashaya."
Ƙishirwar jakin dawa kenan,
ita ce hoton da baƙo zai kai gida.

Na ga kuɗin kwana bakwai.
Na juya lalatacciyar takarda na buga da albashina,
na sake bugawa,
sai na mayar da biro aljihu.

Wataƙila a Arusha, a daidai wannan sa'a,
wani mai tawada a farce kamar ni
yana buga Kano:
marinar Ƙofar Mata, Dutsen Dala, jar fata,
da mutane masu fara'a.
Ni da Sagiru muna cikin layin nan,
da ciwon bayansa, da bashina.
Sannu da aiki, ɗan'uwa. Rage jan kaɗan.

An kira assalatu, wuta ta ɗauke.
Saura ɗari huɗu.
Na ninke guda ɗaya cikin masu lallen
zan kai wa Rumasa'u.
Na san za ta ce, Baba, haka giwa take?
Har na kai bakin masallaci
ban yanke abin da zan ce mata ba.