Haruffa Uku

Wata tara muna narka dalma a ɗaki ɗaya a Samaru,
ni da Safiyanu, fanka ta mutu, taga a wangale,
har ƙwayar ta tashi:
baƙa, ba ta kai farcen jariri ba,
ƙafafu takwas kamar gizo-gizo,
wuta ta zo mata da hauka, ta sa mata linzami.

Muka ce a raɗa mata suna.
Ba rago, ba goro, biro kawai da bayan rasit:
Mai Rage Wuta.
Muka tsinke kan kowace kalma muka jera,
M, R, W,
muka biya rajista da kuɗin da muke tarawa don sabon ma'auni,
muka aika Abuja.

Amsa ta zo ran Talata, shafi biyu, da hatimi.
Wai haruffan ba suna ba ne, bayani ne.
Wai masu gyaran rediyo
haka suke kiran irinta tun kafin mu iya riƙe sukundireba.
Wai ba a katange rijiyar unguwa
don mutum ya sayi sabon guga.
A'a, wannan ba su suka rubuta ba,
ni na tsince shi a tsakanin layuka.

Safiyanu ya buga tebur, ƙananan kusoshi suka watse.
Manyan na ƙetare fa? Haruffa ukun ne a goshinsu!
Lauyarmu ta Kongo ta ce ta waya:
su sun daɗe a kasuwa har an manta ma'anar,
an ji haruffan sai a ga fuskarsu.
Ku wa ya san ku bayan Kwangila?

Na hau acaɓa ban san inda zan ce a sauke ni ba.
Na tsinci kaina a Tudun Wada, gaban kaskon Goggo Ladidi.
Ta saurare ni tana juya ƙosai da tsinke.
Ta ce, shekara talatin ina wannan suya,
ban taɓa cewa kalmar ƙosai tawa ce ba.
Amma je ka Ƙofar Doka ka ce kana neman na Tsamiya,
yaro ma zai kawo ka nan,
alhali an sare tsamiyar tun kana goye.
Ta ƙulla mini guda biyar, ta ƙi karɓar kuɗi,
ta ce in rage magana, mai yana zafi.

Da dare na koma ɗaki ni kaɗai.
Na jona ƙwayar, na kashe fitila.
Sai na ji abin da muka yi wata uku muna neman kashewa:
siririn kukan nan nata, tsiii,
kamar na ɗan ƙwaron da ke kwana bayan randa.

Gyare.
Bai ce wuta ba, bai ce ragewa ba,
bai gaya wa kowa aikinta ba,
kamar yadda Safiyanu bai nuna mutum mai buga tebur ba
sai ka zauna da shi.

Na cika sabon fom kafin kiran assalatu.
Shi har yanzu bai yarda ba.
Yana can kan benci da reza a hannu,
allo ɗari huɗu muka riga muka buga,
yana kankare haruffan ɗaya bayan ɗaya,
yana tsaki,
ya kai na sittin da bakwai.