Mai Busa Usur a Gonar Rake

Ƙarfe huɗu na asuba motar kamfani ke tsayawa
a bakin layinmu, nan Chichigalpa,
dutsen San Cristóbal na can yana busa hayaƙinsa a duhu.
Maza su hau da adduna naɗe cikin tsumma,
ni in hau da usur a wuya
da littafin da nake rubuta wanda ya sha ruwa.

Daren jiya aka cinna wa gonar wuta
don ganye ya ƙone, kara ya tsaya.
Yau ƙasa na huci, rana na duka,
mutum a tsakiya, ba tudun dafawa.
Kafin hantsi kowa ya koma launin gawayi,
sai ya yi magana ka san ko wane ne.

Shekara goma sha tara Nemesio, mijina, yana sara a nan.
Ba a biyan wuni, nauyin kara ake biya,
shi ya sa ko gorar ruwa ba ya waiwaya.
Da dare ya zagaya bayan ɗaki, ya daɗe,
ya dawo ya ce fitsarin ɗan kaɗan ne,
ja kamar shayin da aka manta a kan wuta.
Muka ce gajiya ce.
Na dafa masa ganye.

Ranar da likita ta ɗaga takardar gwajin jini
ba shi ta duba ba, ni ta duba.
Ƙoda, in ji ta, duka biyun,
kamar raken da aka tsotse aka yar.
A bakin ƙofa kamfani ya karɓe katinsa.
Wata goma sha ɗaya ya kwanta a ragar lilo,
ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi ta.
Gida tara ne a layinmu,
mu shida muke sa baƙi.

Sai da maƙabarta ta nemi ƙarin fili
aka kawo rumfar tamfol da tankin ruwa mai taya,
da ƙulli-ƙullin gishiri da sukari na jiƙawa.
Sukari fa. Na yi dariya har hawaye ya zo.
Aka ce: Casilda, kowace awa ki busa,
kowa ya ajiye adda, ya shiga inuwa, ya sha.

Ba sa murna da ni.
Tsoho Fermín ya ce usur ɗina na cin kuɗin cefanensa,
kuma ban iya ƙaryata shi ba:
minti goma a inuwa dami ne da sikeli bai gani ba.
Sau uku na taka ofis na ce a biya hutun.
Mai farar riga ya ce ana dubawa,
sanyin na'urarsa na ratsa mini baya.

Ɗana Eulalio bana ya shiga layi.
Saran ubansa sak, kafaɗar hagu a karkace.
Yau na busa, bai ɗago ba.
Na sake busawa har kunnena ya yi ƙara.
Sai na kutsa cikin toka, kututture na yankar ƙwaurina,
na riƙe masa hannu addar na sama.
Ya ce, Mama, saura layi ɗaya,
mutane na kallo.
Na ce su kalla.
Sun kalli akwatin ubanka ma, su suka ɗauka.

Ya zauna a rumfa, ya juya mini ƙeya.
Na miƙa kofi, ya karɓa ba godiya.
Ina kallon maƙogwaronsa na hawa da sauka,
ina ƙirgawa kamar mai ƙirga albashi:
bakwai, takwas, tara.
Na sa alama gaban sunansa.

Anjima da dare, in ya zagaya bayan ɗaki,
zan yi kamar na yi barci,
kunnena a jikin katako,
ina sauraron ko da yawa.