Wanda Ba Ya Turuwa

Kowa ya zo shagona a bakin tashar Jega,
ɗan memori a tafin hannu, naira ɗari a baki,
tambayar ɗaya ce:
"Tunau, a fina-finan bara wanne ya fi?"
Nakan yi dariya in ce, zauna tukuna.

Akwai na direban nan da ya ɗauko albasa zai kai kudu,
gada ta karye a gabansa, kaya suka fara tsiro a buhu,
ya kwana bakwai yana rabar da dukiyar wani
ga ƙauyen da ruwa ya ci.
'Yan albasa suka ce ƙarya ce tsagwaronta,
ba a haifi direban da zai yi haka ba.
Washegari su ne a layi, suna neman kashi na biyu.

Akwai na Indiya da aka juye wa harshe,
jarumi ya watsa ƙarti goma sha biyu da lema ɗaya,
yana cika baki da muryar wani mai mura.
Yaran makanikai sun haddace shi kaf,
har lemar uwargidan mai shayi ta karye a gwaji.

Amma nawa daban ne.

Kawu Nomau, tun da yana ta rufe masa ido,
yakan laluɓo bencina bayan isha'i,
ya zauna nesa da hayaƙin janareta,
ya ce, "Kai ka gani, ni ka ji. Hwaɗa mini."
Sai in zama idonsa:
ga rigar wane, ga hararar wance,
ga wanda ya ɓoye takarda a ƙarƙashin tabarma.

Ran nan muka sa na wa da ƙane
da suka raba gari a kan fadama taki arba'in.
Ƙanen ya saɓa jaka ya bi mota.
Na ji Kawu ya daina taunar goro.
Duk Jega an san Gado, ƙanensa,
da ya bar gida a kan irin wannan magana,
shekara talatin ko wasiƙa.

A ƙarshe ƙanen ya dawo da furfura,
ya tarar da zaure cike da takalma,
ana ta shafa fatiha.
Ni kuwa na buɗe baki na ce:
"Ga shi nan ya shigo, Kawu.
Wan ya miƙe, sanda ta faɗi,
sun rungume juna, an kawo fura a ƙwarya ɗaya."

Sarewa na ta kuka a cikin sifika.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Yaro, wanga busa ba ta murna ba ce.
Makaho nike, ba kurma ba."
Na nemi inda zan sa fuskata.
Ya laluɓo gwiwata ya dafa:
"Bar shi hakanan. Naka ya hi nasu.
Maido shi baya, ka sake hwaɗi."

Sau huɗu na faɗa a daren,
har mai ya ƙare, allo ya yi baƙi,
ban daina ba.

To, kawo memorinka in zuba maka na albasa,
in ƙara maka da mai lema kyauta.
Wancan ɗin ba ya turuwa.
Mu biyu muka kalle shi,
ɗayanmu kuma tun kaka ya bar mini bencin.