Tagar Kuruvila

Shekara talatin ina juya faifan majigi
a silimar bakin ruwa ta birnin Kochi,
har aka rushe ta, aka kafa shagon waya.
Fuskokin 'yan wasa sun zube mini daga ka
kamar gyaɗa daga ɓulallen buhu.
Abin da ya rage, kiɗan Kuruvila.

Yau shekararsa tamanin da huɗu.
Kunnen hagu ya ajiye aiki,
na daman ma sai da lallashi.
Mu kuwa kullum asuba muna nan
a teburin shayin Pappachan, daura da gidansa,
muna jiran fitilar bene ta kama.

Saramma mai kifi ta dire kwando,
ƙudaje na biki, ko a jikinta.
Ta ce sarewarsa ce ta raka ta ɗaurin aure,
ita ce kuma ta taro ta daga maƙabarta.
Sarewa ɗaya, ko numfashi ba a sauya ba,
amma ran farko dariya take, ran ƙarshe kuka.
"Ku gaya mini," in ji ta,
"wa ya koya wa gora baki biyu?"

Kunjali mai jirgin fito ya rantse
tsohon ba ya kallon fim sai an kashe murya.
Sau uku zai kalla, hannu a haɓa,
sannan ya juyo ga mai shirin ya ce:
"Matar nan da ke tsaye bakin ƙofa,
ta karya kumallo kuwa?"
In ba a sani ba, ya ɗauki lemarsa ya fita.

A bayan takardar magani yake rubutu,
da guntun fensir da bai kai yatsa ba.
Goma zai cika, ya dunƙule tara,
iska ta sauko mana da su.
Pappachan ya tara gwangwanin biskit guda.
Ba mai iya karantawa a cikinmu,
ɗige-ɗige ne kamar tururuwa a kan waya,
amma ba mai taɓawa da maiƙo a hannu.

Bana da damina abin ya cije.
Mako uku, sauti uku muke ji daga taga,
ɗaya, biyu, uku, sai shiru,
kamar mai hawa bene ya tarar ba matakala.
Shayi ya yi ta hucewa a kofi.
Kunjali ya ce rijiya ta ƙafe.
Saura kaɗan in mare shi,
don ni ma abin da ke raina ke nan.

Ran Talata sai ga shi ya sauko,
silifas ware-ware, zane a ɗaure a karkace.
Bai dubi kowa ba sai Saramma.
"Yi mini tallar nan taki."
Matar da ake jin muryarta daga tsallaken ruwa
ta buɗe baki, ba abin da ya fito.
Ya jira. Ruwa na ɗiga daga kwano.
Ta rufe ido, ta kwarara kiran kifi,
ta karya shi a ƙarshe yadda ta saba,
nan inda muryar ke gurɗewa tun rasuwar mijinta.

Ya miƙa kunnen dama kamar mai tarar ruwa.
"Sake."
Ta sake.
Ya sayi kifi bai taya ba,
ya manta shi a kan benci, ya hau.

Ɗaya, biyu, uku.
Na ƙirga bugun zuciyata har bakwai.
Sai na huɗu ya sauko,
ɗan gurgu, mai ƙarnin teku.

Ba wanda ya tafa.
Pappachan ya zuba sukari a kofin da ya riga ya sa wa.
Saramma ta goge ido da gefen mayafi,
ta ce rana ta yi, kaya zai lalace,
ta aza kwando, ta bi layin coci.
Har ta sha kwana ba ta yi talla ba.