Fikafikai Uku

A gonar Pritchard, bayan garin Kettering,
ciyawa jiƙe, tumaki na kallonmu,
Rumasa'u ta kafa rokarta ta fari:
kwali da gam, jan hanci,
ba fiffike ko ɗaya.
Ta ce ƙarin kaya ne kawai.

Roka ta tashi. Tsayin bishiya biyu
ta kama tangaɗi,
ta juya gindi sama,
ta faɗa shinge tana hayaƙi.

Tsohon bai yi dariya ba.
Ya ɗora tasa a yatsa
har ta daina rinjaya.
"Nan nauyinta ya taru."
Ya ɗaura zare a gurbin, ya wulwula ta bisa kansa,
hanci ya shige gaba, ya ƙi waiwaye.

"Iska ba ta san lallashi ba, turi ta iya.
To ba ta abin turawa can bayan nauyin.
In hanci ya karkace,
wutsiya ta leƙo fili,
iska ta mare ta, ta koma sahu.
Marin ne ke miƙe ta."

Daren nan yarinya ta yanka uku,
ta goge bakinsu,
gam har a gira.

Asabar ta zagayo.
Biyar, huɗu, yatsa na rawa.
Sai ga ta sak,
kamar gajimare ya jawo ta da igiya.
Na bi ta da ido har hulata ta faɗi.

Rumasa'u ta ja hannun rigata:
"Baba, ashe na baya ne ke tuƙi."