Audugar da Ba Ta da Gurya

Ranar da injin gurza ya yi shiru a Bisije,
Bappa Jibir ya dawo Bolari da tsakar rana,
burbushin kaɗa a gashin girarsa,
aljihunsa babu komai sai ƙusa uku.

Hannun da ya saba juyi ba ya son zama.

A bakin wani direba ya ji labari:
wai can ƙetaren teku,
mai gyaran haƙora da mai dafa alewa
sun haɗa kai, sun sa sukari ya yi zare.
Bappa ya yi dariya har da tari:
"Wannan ya ɓata, wancan ya gyara,
kasuwa ta ci!"
Amma daren nan bai runtsa ba.

Ya huhhuda gwangwanin madara,
ya ciro kaca da feda daga tsohon kekensa,
ya kunna risho a ƙasa,
ya ɗauko bahon Goggo Dudu, bai tambaya ba.

Na farko ya ƙone ƙurmus kamar kwalta.
Na biyu ya fantsama masa a gemu,
kiyashi suka kwana suna biki.
Mudu huɗu, duk bashi.
Goggo ta ce, "An sallame ka daga auduga,
ka dawo gida kana saƙa hayaƙi."

Sai wata Laraba bayan La'asar,
wani abu kamar yanar gizo
ya lafe a gefen baho, fari fat.
Bappa ya kai hannu, ya dame.
Ya sake kaiwa, ya dame.

Goggo ta ajiye tsintsiya.
"Matsa. Ba haka ake kaɗi ba."
Ta zari tsinke, ta murza shi
yadda take murza mazari tun tana yarinya,
zare ya bi ta, ya naɗe, ya kumbura,
har ya fi kaina girma.

Ni aka fara ba.
Na kai baki, na nema, na rasa.
Na fashe da kuka wai an sace min.

Bana da Sallah na saya wa ɗana a Pantami,
mai ruwan hoda, cikin leda, injin kanti.
Na gutsura kaɗan.
Zaƙin yana nan.
Warin kananzir ne babu.